Yari Dabara da Tallan Yajin Tabawa

Idan ka shiga Talata Mafara ka tambayi Yari, za a ce maka wane Yarin, don suna da dama. Amma ka ce Yari Dabara, ko mai shayin bakin tasha sai ya yi dariya kafin ya nuna maka lungun. Matarsa Tabawa ce kaɗai ba ta dariya idan an ambaci wannan laƙabi. Ita ta san abin da ta sha a kansa.

Mutumin wani ƙauye ne can bayan Damri, a ƙasar Bakura. Manomi ne ɗan manomi, kuma a faɗi gaskiya, a gona ba a kushe shi. Da damina gero da dawa, da rani ya gangara fadama ya yi albasa da tumatir. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa yana cin naman mutane, bai taɓa ɗaga wa Tabawa hannu ba. Aibinsa ɗaya ne tak, sai dai aibin ya ishi gida guda: kansa ba ya hutawa. Abin da kowa ke yi a miƙe, shi sai ya nemo masa wata hanya. Shi ne ya rataye rediyonsa a gonar gero don muryar masu labarai ta kori tsuntsaye. Tsuntsaye suka saba har suna sauka a kan rediyon, ɓarawo kuma ya bi sauti ya zo ya ɗauke abinsa. Shi ne ya ɓata rani guda yana koya wa jakinsa zuwa kasuwar Damri shi kaɗai da kaya. Jaki ya koya kuwa, sai dai ya tsaya da buhun albasa a ƙofar wani gida da aka taɓa ba shi dusa. Duk ranar da irin wannan ta faru, Yari zai dawo gida ya zauna a tabarma, ya cire hula ya sosa kai, ya ce dabarar daidai take, abu kaɗan ne ya kuskure. Tabawa ta ji wannan magana har ta haddace.

Ita kuwa yaji take dakawa, yajin nama, wanda ta koya a gindin turmin mahaifiyarta. Barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, ƙuli-ƙuli da ta soya da hannunta, kowanne da ma'auninsa da ba ta auna shi da komai sai tafin hannu. A ƙauye ba ta taɓa sanin wani abu wai shi talla ba. Za a yi suna, a aiko. Maijego za ta sha farfesu, a aiko. Sallah ta zo, tun da saura sai ƙofar ɗakinta ta cika da kwanuka. Sana'ar cefane ce kawai a lokacin, ta sayi sabulu, ta sayi zane, rumbu na cike ba wanda ya damu.

Sai daji ya lalace. Ba sai an tsaya bayani ba, duk wanda ke Zamfara ya san yadda abin yake. Gona ta gagari zuwa, daga baya kwana a garin ma ya gagara. Suka kwaso abin da mota ta iya ɗauka, da turmi, da yaransu biyu ƙanana, suka sauka Mafara a ɗakuna biyu na haya, can ƙarshen wani lungu da ko akuya ba ta shigarsa sai ta ɓata. Babbar 'yarsu tana gidan miji a Maradun, don haka babu wadda za a ɗora wa faranti. Yari ya wayi gari ba gona, ba jaki. Tukunyar gidan ta koma kan yajin Tabawa, yajin kuma ba wanda ya san shi. Mafara cike take da yaji. Kowane shago da nasa a leda mai hoto, kowane mai tsire da matar da ke daka masa tun zamanin ubansa. Tabawa ta daka, ta tankaɗe, ta ƙulla, ta jera a kwalla, kwalla ta wuni a rufe.

Wanta Mas'ud, mai cinikin shinkafa a Bakura, shi ya zo ya ga yaran sun rame. Mutum ne da ba ya kewaye-kewaye. Ya zauna a zaure, ya sa aka kira su duka biyun.

"Tabawa, ni ba raba ki da mijinki za ni yi ba," in ji shi. "Amma yunwa ba a yi mata kara. In Babbar Sallah ta wuce abin bai canza ba, zan zo da mota in kwashe ki da yaran nan ku zauna wajena. Shi kuma Malam Yari ya tafi kudu ci-rani yadda maza ke yi. In Allah ya buɗa, ku koma ku haɗu."

Tabawa ta san matan da aka yi wa irin wannan zaman na ɗan lokaci. Wasunsu har yau suna gidan 'yan'uwa, miji sai dai murya a waya. Gida in ya rabu biyu, haɗa shi aiki ne. Tun daga ranar abin ya tsaya mata a ƙahon zuci, kuma ta ga ya tsaya wa Yari, don ya kwana biyu ba ya cinye tuwonsa. A rana ta uku sai ta ga idonsa yana ƙyalli. Ta san wannan ƙyallin sarai.

"Ke, na gano ciwon," ya ce. "Yajinki ba ya da laifi. Ba a san shi ba ne. Ki bar mini wanga aiki."

"Malam, don Allah ka rufa mana asiri."

"Ke dai ki bari ki gani."

Ranar Talata, ranar kasuwa, ya ɗauki tsohon kaskonta da gawayi da yaji cikin gwangwani, ya nufi tashar mota ta bakin hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Hujjarsa, mai tsire ba ya ihu, ƙamshi ke yi masa ihu. To me zai hana yaji ya yi wa kansa? Ya hura wuta, ya duba inda iska ke kaɗawa don ta kai saƙo ga jama'a, ya dumbuzi yaji ya watsa a kan garwashi. Kai jama'a! Ko yarinyar da ta fara shiga madafa jiya ta san abin da barkono ke yi a wuta. Namijin da ya yi shekaru yana cin tuwo ne kaɗai bai sani ba. Tasha ta ɗauki tari gaba ɗaya. Fasinjojin da suka cika mota suka yi ta dirowa ta ƙofa da taga, masu lemo suka watse, wani direba da ya sha wuya kafin ya cika motarsa ya biyo Yari da bel. Ya shigo gida ido jajir, hanci na zuba, ba kasko ba gwangwani.

"Mi ka yi?" in ji Tabawa.

Ya ba ta labari tsakanin atishawa. Ta riƙe baki.

"Amma dai sun ji shi," ya ce. "Har wani da ke barci cikin mota ya ji shi."

"Sun ji shi! To wa ya ce a kawo mai na miya? Kaskona fa?"

Kasko ya tafi ke nan. Ta yi kwana biyu ba ta ce masa komai sai gaisuwa, ta ɗauka ya horu. Ina! Mai hali ba ya fasa halinsa. Wata safiya ta duba bayan ƙyaure ta ga galmarsa ba ta nan, galmar da ya ɗauko daga ƙauye ya ce da ita zai koma gona in Allah ya kawo lafiya. Ya kai ta wajen wani maƙeri ya sayar. Da la'asar sai ga shi da tarin butocin roba ɗaure da igiya, da ɗan gwangwanin jan fenti. Ya baje a tsakar gida yana rubutu a cikin kowace buta: YAJI MAI KYAU, a ƙasa lambar wayarsa. Ta tsaya a kansa. Haushin galmar ya fi ci mata rai, don ta san abin da galmar take a wajensa, amma shi ko a jikinsa.

"Masallatai za ni kai su," ya ce. "Sadaka ce, ga lada ga talla. Mutum zai riƙa buta sau biyar a wuni. Yana wanke hannu yana karantawa, yana wanke ƙafa yana karantawa. Wane allo ne na bakin titi ake kallo haka?"

Wallahi, da ta ji haka sai da ta kusa yarda, don maganar ta yi kama da hankali. Wannan shi ne mugun abu game da Yari: dabararsa kan shigo da rigar hankali. Ita ma ba ta tuna ba, shi ma bai tuna ba, cewa buta tana da wurin da take fara zuwa kafin ta zo wajen alwala.

Waya ta fara ƙara kuwa. Da farko har Yari ya miƙe tsaye yana gyara murya. Sai ya ji wani ƙato yana cewa, "Malam mai yaji, ga ni nan tsugune a inda yajinka ke kai mutum, na ce bari in gaishe ka." Bayansa ana ta ƙyaƙyata dariya. Wani ya kira ya tambaya ko butar kyauta ake bayarwa ga duk wanda ya saya, tunda an san zai buƙace ta. Samarin bakin kasuwa suka samu abin yi, a kira da safe, a kira da rana. A cikin masu kiran nan duka, mutum ɗaya ne ya tambayi yaji da gaske, shi ma da aka kwatanta masa lungun sai ya ce ya yi nisa. Labari ya shiga gidaje. Tabawa ta je barka a maƙwabta, wata mata da ko sunanta ba ta sani ba ta dube ta ta ce, "Au, ke ce mai yajin buta?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Ta yi murmushin yaƙe, ta ajiye ɗan abin da ta kawo, ta fito kunya kamar ta nutse. Daga ƙarshe limamin wani masallaci ya aiko cikin mutunci, ya ce a gaya wa mai butoci, sadaka daban talla daban, ya zo ya kankare rubutunsa ko ya kwashe kayansa.

Ranar Tabawa ta fashe. Ta ce masa yajin uwarta ne, wanda ake aikowa nema daga garuruwa, yau ya mayar da shi abin dariyar ƙofar bayi. Ta ce garin neman gira zai rasa musu ido. Ta ce ita ta gaji, ta gaji, Allah na gani ta gaji.

"Ka rantse mini," ta ce. "Ba ka ƙara rubuta komai a jikin komai da sunan yajina. Ko harafi guda."

Ya sunkuyar da kai ya rantse. Yari kuwa ba ya karya rantsuwa, wannan kowa ya shaide shi. Da ta san inda rantsuwar za ta kai su, da ta bar shi da fentinsa.

Sallah ta matso. Shi ne lokacin da yaji ke tafiya in zai tafi, don gidan da aka yi layya ba ya rasa neman yaji. Tabawa ta tattara duk abin da ya rage mata ta sayi kayan haɗi, ta yi daka har kafaɗunta suka riƙe, ta cika kwalla biyu. Niyyarta ta bi gidajen unguwa da kanta ta nuna wa mata, ko kunya za ta kashe ta. Ranar Talatar ƙarshe kafin Sallah ta buɗe kwalla ta ga ɗaya ta yi rabi. Yari ya fita tun da sassafe. Ta zauna a bakin turmi ta ce, "Inna lillahi," don ta san ba ɓera ba ne.

Kafin azahar sai ga maƙwabciyarta Hasana, wadda mijinta dillalin dabbobi ne, ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba.

"Yaya Tabawa, tashi! An kama Malam a kara. Maigidanmu ya bugo yanzu, ya ce in ba a yi da gaske ba kashe shi za a yi."

A tsaye Hasana ta ba ta labarin yadda ta ji shi. Yari ya ƙulla yaji ƙanana-ƙanana a baƙar leda, ya naɗe kowanne da jan zare, ya shiga kara, inda ake cinikin dabbobi, yana bin raguna yana ɗaura musu a igiyar wuya ba tare da ya gaya wa kowa ba. Nufinsa, mutum ya kai ragonsa gida, ranar yanka ya tsinci yaji daidai lokacin da yake buƙatarsa. Ba rubutu, tunda ya rantse. Wai in sun ɗanɗana za su yi ta tambaya na wa ne, tambayar ita ce tallan. To a ƙasar nan, wa zai ga baƙin ƙulli da jan zare a wuyan dabbarsa ya ce kyauta ce? Ana cikin haka wani rago ya tsinke na wuyan ɗan'uwansa ya tauna. Rago ya haukace, ya tsinke igiya, ya yi ta tsalle yana kumfa, ya tunkuyi mai fura ya kifar da ƙwarya. Aka ce an yi wa raguna sammu. Aka duba, ga ƙulli a wuyan wannan, ga shi a wuyan wancan, ga kuma baƙon mutum da jaka cike da irinsu. Da aka ji daga ƙauyukan bayan Damri ya fito, sai wani ya ce ba sammu ba ne, alama ce yake sa wa ragunan da ɓarayin daji za su tare a hanya. Wannan kalmar ita ce mai kisa.

Tun da aka kawo Tabawa ɗakin miji ba ta taɓa taka kasuwa ba, balle kara, wurin maza zalla. Ta zura hijabi, ta ɗauki kwallar da ta yi rabi, ta fita ko takalmi ba ta tsaya zaɓa ba. Tana tafe tana faɗa a ranta. In ta same shi da rai, ita za ta ƙarasa shi. Tana faɗan tana kuka.

Ta tarar da shi zaune a ƙasa gaban rumfar shugaban dillalai, wani dattijo mai farin gemu da ya sa yaransa suka yi masa zobe don kada a ƙara taɓa shi. Ba hula, riga ta yage daga wuya, leɓe ya fashe. Jama'a sun yi cincirindo, kowa da abin da yake faɗa. Ta kutsa tana cewa a ba ta hanya, maza suka dare don mamaki.

"Baba, ina wuni. Mijina ne. Abin da ke cikin ledar nan yaji ne, ni na daka shi."

Dattijon ya dube ta, ya dubi Yari. "To ai shi ya ce shi ya haɗa da hannunsa. Munka ce ya faɗi abin da ke ciki, ya ce barkono, ya ce gishiri, daga nan ya tsaya. Mutum ya haɗa abu bai san abin da ya zuba ba? Munka ce to wa ya ba shi, ya yi gum. An buge shi, ya ƙi faɗi. Shi ya sa mutane sunka ce akwai wanda ya aiko shi."

Tabawa ta juya ta kalli mijinta. Ya kawar da kai. Nan take ta gane. Ita ce uwargidansa, auren fari, kuma irin mutanen da ne shi: tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "mai ɗakina". Ga kunya, ga kuma tsoron kada ya ambace ta a je a jawo ta cikin wannan taron. Ya gwammace a farfasa masa baki. Tausayinsa take ji ko haushinsa, ita kanta ba ta iya rabewa ba. Wannan wane irin mutum ne Allah ya haɗa ta da shi? Wurin da ya kamata ya yi shiru ya tara mata jama'a, wurin da magana ɗaya za ta cece shi ya kulle baki.

Ta tsuguna ta ɗauki ƙulli ɗaya daga jakarsa, ta tsinke zaren da haƙori, ta juye a tafin hannu ta lashe tas a gabansu. Ta ɗauki na biyu, wanda aka kwance daga wuyan rago, shi ma ta lashe. Idonta ya kawo ruwa, ba ta ko tari ba. Ta lissafa musu abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe kwalla ta ce duk mai shakka ya gwada ya gani ko ba iri ɗaya ba ne. Wani mahauci da ke gefe ya miƙo yankan balangu a takarda, aka barbaɗa, dattijon ya fara ci. Ya tauna, ya miƙa hannu ya ƙara. Ragon da aka ce ya haukace kuwa an ba shi ruwa ya sha, yana can yana cin harawa abinsa. Sai wani ya tuntsire da dariya daga baya, dariya ta bi taron. Waɗanda suka fi zaƙewa wajen duka su suka fara sulalewa.

"Malam," in ji dattijon, "Allah ya ba ka mace. Kai kuma Allah ya ba ka hankali. Tashi ka tafi, kada in ƙara ganinka kusa da igiyar ragon wani."

Suka taho gida, tana gaba yana baya. Ta dafa ruwa ta gasa masa fuska, tana gasawa tana danna tsumman fiye da yadda ya kamata. Ya ce wash, ta ce bai ma ji komai ba tukuna.

Kada a yi ƙarya a ce daga ranar arziki ya sauko. Mahaucin nan ya aiko a ba shi na gwaji, daga baya ya ƙara aikowa. Matan dillalai kaɗan suka biyo Hasana don su ga matar da ta lashe yaji a kara, wasu suka saya. Kwalla ɗaya ta ƙare kafin Sallah. An samu na tuwo, ba a samu na bugun ƙirji ba. Labarin dukan kuwa ya riga ya kai Bakura.

Kwana kaɗan bayan Sallah Mas'ud ya iso da mota. Tabawa ta dawo daga gidan Hasana ta tarar da shi a zaure, ta gaishe shi, ta wuce ciki don ta kawo ruwa. Sai ta ga ɗakinta a share. An naɗe katifa, an ɗaure kwanuka cikin zane, kayan yara a buhu, har turmi an mirgino shi bakin ƙofa an jingina masa taɓarya. Yari na tsaye a gefe, leɓen bai gama warkewa ba.

"Wa ya taɓa mini kaya?"

"Ni ne," ya ce, bai ɗago ba. "Ki bi Yaya. Na sa an yi miki dariya a gidan barka, na fito da ke kara cikin maza. Abin da na iya ke nan, kin gani. Can ko ba komai yara za su ƙoshi, ke kuma ki huta da ni."

Duk abin da ya yi mata tun daga rediyo har ragunan mutane, ba wanda ya ƙona mata rai kamar wannan.

"In huta da kai? Sai yanzu? Ka salwantar mini da kasko, ka sayar da galma, ka sa na lashe barkono gaban duniya, sannan ka naɗe mini katifa ka ce in tafi? Wa ya gaya maka ka isa? Da tafiya za ni yi, da ranar butoci na tafi!"

Ta fita zaure ta durƙusa gaban wanta. "Yaya, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ba ni zuwa. Abin da muka samu bai kai a yi fariya ba, amma ya fara motsi, kuma tuwo bai yanke ba tun Sallah. In na bar mutumin nan shi kaɗai, wata ran gawarsa za a kawo mini da wata dabarar a aljihu."

Mas'ud ya yi faɗa, ya ce taurin kai gadonta ne, ya ce kada ta kira shi in abu ya ɓaci. Da zai tashi dai ya sa aka sauke musu rabin buhun shinkafa daga bayan motar, ya karɓi yajin da ta ƙulla wa matarsa, ya tafi yana ƙunƙuni.

Ta dawo ta tarar Yari na nan inda ta bar shi. Ta fara kwance zanen kwanuka, tana jera su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya.

"Ka saurare ni da kyau, Malam. Talata mai zuwa faranti za ka ɗauka, irin wanda kowa ke ɗauka. Ka zauna bakin kara kusa da mai balangun nan. Ba wuta, ba fenti, ba rago. Wanda ya tambaye ka na wa ne, ka buɗe baki ka gaya mai."

"In faɗi sunan?"

"Ka faɗa mana. Ɓoyon da ka yi ta yi, mi ya tsinana maka ban da fasasshen baki?"

Ta ci gaba da jera kwanuka, ta ba shi baya. Sai ta ji ya gyara murya, ya faɗa a hankali, kamar mai taka ƙasar da bai sani ba.

"Tabawa."

Kwanon da ke hannunta ya tsaya a sama. Ba ta juyo ba, don ba ta yarda ya ga fuskarta a wannan lokacin ba. Ta ja hanci, ta dire kwanon.

"Ba ni za ka gaya wa ba, ni na san sunana. Can za ka faɗa, da ƙarfi. Zo ka kama mini turmin nan mu mayar da shi."